Kafin ka ajiye motar kwana a ƙofar gidanka a Amurka

Kusan kowace shekara sai na ji wani daga cikinmu a nan Houston ta jihar Texas ya sayi irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake kira RV, ya kawo ta ƙofar gida yana murna, kafin wata ya zagayo kuma murna ta koma ciki. Na san abin da ke jan mu. Bahaushe ba ya rabo da baƙi. Ƙani ya zo karatu, surukai sun zo ganin jika, gidan kuma ɗaki uku ne. Sai mutum ya ga tsohuwar mota da araha a Facebook, ya ce ai ga masaukin baƙi ya samu. Wannan hali namu ina alfahari da shi, domin ban taɓa ganin an bar ɗan'uwa ya rasa wurin kwana a cikinmu ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne sababbin zuwa ba sa tambaya sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Sayen motar ba wani abu ba ne. Lasisinka na tuƙi ya isa, sai fa idan nauyinta ya haura fam 26,000, to a Texas sai ka nemi lasisin aji B. Inshora da rajista ba sa cin lokaci. Ka duba rufin ko yana yoyo, ka duba shekarun tayoyin. Shi ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardar sharuɗɗan unguwa. Yawancin sababbin unguwannin da mutanenmu ke sayen gida a Katy da Sugar Land da Richmond, garuruwan da ke kewayen Houston, suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, wato HOA. Ranar da ka sa hannu a takardun gida ka zama ɗan ƙungiyar, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma sharuɗɗan suna manne da filin ne, duk wanda ya saya sun hau kansa. A cikinsu ne ake rubuta launin fentin gida, da tsayin ciyawa, da abin da za a iya ajiyewa a gaban gareji. Da yawa sun hana motar kwana da jirgin ruwa da tirela kwata-kwata. Wasu sukan ba ka yini ɗaya ko biyu don loda kaya da saukewa. Wasu su ce ka ajiye amma a bayan shinge inda ba a hango ta daga titi, alhali motar ta fi ƙafa goma tsawo, shingen kuma ƙafa shida ne. Ka lissafa da kanka.

Wani zai ce maka ai Houston ba ta da dokar rarraba unguwanni, wato wadda ke tsara abin da za a gina ko a yi a kowane yanki na gari. Gaskiya ne, mutanen gari sun ƙi amincewa da ita a ƙuri'ar 1948 da 1962 da 1993. Amma saboda haka ne takardun sharuɗɗa suka yi ƙarfi a nan, har lauyoyin hukumar gari suna iya kai mutum kotu a kan karya wasu daga cikinsu. Takardar tana ofishin magatakardan gunduma, kowa na iya nema. Tun 2021 ma dokar Texas ta wajabta wa ƙungiyar da ke da gidaje 60 ko fiye ta sa takardunta a intanet. Don haka ba ka da uzurin cewa ba ka gani ba. Ka karanta ta kafin ka biya kuɗin mota, in Turancin lauyoyi ya yi maka nauyi ka kai wa wanda ya daɗe a nan.

A gida in maƙwabci ya ga abin da bai yi masa ba, zai yi sallama ya faɗa maka, in ta yi tsami a je wurin mai unguwa a sasanta. Nan ba haka ba ne. Zai ɗaga maka hannu da safe da fara'a, da yamma ya ɗauki hoton motarka ya aika wa ƙungiya. Ba lallai ƙiyayya ba ce. Gidan nan shi ne dukiyarsa, yana tsoron darajarsa ta faɗi, kuma a idon Amurkawa da yawa tsohuwar motar kwana da ake ganin haske a cikinta da dare alama ce ta wanda ya rasa muhalli. Ban yarda da wannan kallon ba, amma shi za ka tarar.

Sai wasiƙa ta zo. Don Allah, ɗan'uwa, ka buɗe ta. A dokar Texas dole ƙungiya ta aiko maka da sanarwa ta wasiƙa mai rajista kafin ta ci ka tara, ta ba ka lokacin gyara, kuma kana da kwana 30 ka nemi a zauna a saurare ka. Mutanenmu sukan jefa ta cikin tarin takardun talla. Wasu kuma su kawar da motar na mako guda su dawo da ita, ba su san cewa in aka sake kama ka da laifi iri ɗaya cikin wata shida ba sai an sake ba ka lokacin gyara ba.

Na taɓa raka wani bawan Allah irin wannan zama, dattijo mai mutunci, direban babbar mota. A wani ɗan ɗaki kusa da wurin ninkaya na unguwa aka yi, mutum biyar a bayan teburin roba. Suka ɗora hotuna a gabansa, kowanne da kwanan wata: motar a gaban gareji, wayar wuta ruwan lemo ta fito ta ƙarƙashin ƙofa, takalma biyu a kan matakalar motar. Ya yi bayani da ladabi cewa ɗan yayansa ne ke kwana a ciki kafin ya sami ɗaki a makaranta. Ina ji ina gani ya ƙara wa kansa laifi na biyu da bakinsa, domin takardar ta hana zama a cikin kowace irin mota a filin gida. Sun sassauta tarar, amma kuɗin lauyansu shi ya biya. Abin da ya fi yi masa ciwo, matar da ta ɗauki hotunan ita ce wadda iyalinsa ke kai wa naman layya. A Texas ƙungiya ba za ta sayar da gidanka a kan tara kaɗai ba, amma tana iya yi a kan kuɗin shekara da ka ƙi biya, don haka kada fushi ya sa ka riƙe wannan kuɗin.

Ɗan haya kuwa nasa ya fi tsanani. Sharuɗɗan unguwa sun hau kanka, tarar ta je wa mai gida, shi kuma ya cire a kuɗin ajiyarka ko ya ƙi sabunta maka haya. A gidajen bene masu filin ajiye motoci, janwe ne kawai zai zo da asuba. Ka nemi izini a rubuce, maganar baki ba ta tsaya maka.

Titi ma ba mafita ba ne. Kowane gari da tasa dokar. A garuruwan Kalifoniya da yawa motar da ta wuce awa 72 ba ta motsa ba ana iya janye ta. Kuma kada ka ari dokar wata jiha ka yafa. Fulorida ta yi doka a 2023 da ta ba masu gida damar ajiye motar kwana muddin ba a ganinta daga gaba ko daga gidan maƙwabci, amma wannan a Fulorida ta tsaya.

In har kana son motar don fita da yara wurin shaƙatawa na Brazos Bend ko bakin teku a Galveston, ka saya, abu ne mai daɗi. Sai dai ka sa kuɗin filin ajiya na wata-wata cikin lissafi tun farko, ka riƙa zubar da tankin bayan gida a wuraren da aka tanada, ban da kwatar titi, ka kuma sanar da maƙwabci kafin ka kawo ta yin lodi. Baƙonka kuma ka yi masa shimfiɗa a falo, ko ka yi magana a masallaci bayan Juma'a, ba a rasa mai ɗakin da babu kowa.