Bayan an watse daga taro, ga yadda nake sa mutane su tuna da ni

Akwai lokacin da na dawo daga wani taron masu ƙananan sana'o'i da katin adireshi goma sha ɗaya a jaka. Sai bayan wata biyu na tono su. Na kira mutum uku, babu wanda ya gane ni. Ɗayan ma, wanda muka shafe rabin sa'a muna hira a tsaye, cewa ya yi, "Hajiya, a yi haƙuri, da wa nake magana?" Kunya ta rufe ni. Daga ranar na canja salo.

Sana'ata tsara wa masu ƙananan kasuwanci littafin shige da ficen kuɗinsu. Aiki ne na amana, babu mai miƙa maka lissafinsa don kawai kun gaisa sau ɗaya. Shi ya sa nake ɗaukar taro a matsayin sallama kawai. Zaman hirar a waya ake yin sa.

Kafin in kwanta a daren taron, nakan rubuta abu ɗaya a bayan kowane kati: me muka tattauna da mai shi? "Mai ɗinkin jaka, tana fama da masu karɓar kaya bashi." Layi ɗaya ya isa. Idan ka bar shi zuwa jibi, fuskoki da maganganu sun cakuɗe.

Kada ka tura wa kowa saƙo tukuna. Fara buɗe shafinka na sada zumunta ka kalle shi da idon baƙo, domin duk wanda ya ga saƙonka sunanka zai fara dannawa. Hoton da ke kai, za a gane kai ne aka gani jiya? A LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu sana'a, akwai layin da ke ƙarƙashin suna, shi ke bin ka duk inda ka yi rubutu ko sharhi. Nawa a da cewa yake "Akanta, 'yar kasuwa, marubuciya, mai ba da shawara". Wanda ya karanta wannan bai san me zai kira ni in yi masa ba. Yanzu na mayar da shi "Ina tsara wa masu ƙananan sana'o'i lissafin kuɗinsu". Ya fi tsawo, amma ko yaro ya karanta ya gane.

Saƙon farko kuma kada ya wuce kwana biyu. Ga irin wanda na tura wa mai jakar nan: "Barka da yamma, Hajiya. Ni ce muka tsaya bakin ƙofa jiya kina ba ni labarin masu bashi. Ga ɗan jadawalin da na ce ina amfani da shi, ko zai yi miki amfani." Ban yi tallar komai ba, ban roƙi komai ba. Masu turo "Slm" su yi shiru suna jiran amsa, Allah ya ba su haƙuri, ni dai ba na sanin me zan ce musu.

Sai rubutu kan taron kansa, inda na ga mutane da yawa suna asarar dama. An ɗora hoto da babban baƙo, an rubuta "taro ya yi armashi", shi ke nan. Jama'a za su danna alamar so su wuce, babu wanda ya ƙaru da sanin abin da ka iya. Ni abu ɗaya nake ɗaukowa daga abin da aka faɗa, in ɗora nawa a kai. A wani taro mai jawabi ya ce a raba asusun sana'a da na gida. Na rubuta cewa gaskiya ne, amma yawancin waɗanda nake wa aiki sun raba asusun, kuma duk da haka suna zaro kuɗi daga na sana'ar ba tare da rubutawa ba, don haka gara mutum ya yanka wa kansa albashi duk wata. Na ambaci sunan mai jawabin yadda zai gani. Ya yi sharhi, mabiyansa suka leƙo. Hoton wani kuwa, musamman mace, ba na ɗorawa sai na tambaye ta. Haka ma ba na jefa mutum cikin rukunin WhatsApp bai sani ba.

Bayan makon farko abin ya koma ɗan kaɗan kullum. Minti goma da safe nakan duba abin da sababbin sanina suka rubuta, in yi sharhi mai ma'ana a kan ɗaya ko biyu. An ce zumunci a ƙafa yake, to wannan nasa a yatsa yake. Status na WhatsApp sa'a 24 yake yi ya ɓace, don haka a nan nake sa ƙananan abubuwa, kamar kuskuren lissafi guda da yadda ake gyara shi. Abin da nake so a tarar ko bayan shekara, LinkedIn ko Facebook nake kai shi. Gardamar siyasa kuwa na daina ta a shafin da abokan hulɗa ke gani, tun da na lura wanda na yi musu da shi da dare ba ya turo min aiki da safe.

Me ya sa nake wahala kan mutanen da na gani sau ɗaya? A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa mutane sun fi samun labarin aiki ta bakin waɗanda suka sani sama-sama fiye da aminansu na kusa. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani shi suka sani, mutanen da kake gani su suke gani. Wanda kuka haɗu sau ɗaya shi ke yawo cikin jama'ar da ba ka kai gare su ba.

Mai jakar nan har yau ba ta ba ni aiki ba. Amma bayan wata biyar wata mata ta kira ni, ta ce ƙawarta ce ta turo mata jadawalina, ta kuma karanta abin da na rubuta kan albashi. Tambayarta ta farko ita ce yaushe zan samu lokaci in duba littafinta.