Shawara ga masu son ɗaukar hoto a Jodan

Jama'a, duk mai shirin zuwa Jodan, don Allah kada ya bari rana ta take kafin ya shiga Petra, tsohon birnin nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Ku isa da sassafe, kafin cunkoso. Za ku bi ta Sik, wani siririn lungu tsakanin duwatsu mai tsawon fiye da kilomita 1. A ƙarshensa ku tsaya, nan Al-Khazna, shahararren ginin da aka sassaƙa a jikin dutse, ke leƙowa ta tsagar lungun, ja-ja-ja da ita. A ganina babu hoton da ya kai wannan.

Ad-Dair kuwa, wani ginin dutse da ke can saman tsauni a Petra, sai bayan azahar, lokacin rana ke haska fuskarsa. Matakala ce wajen 800, ku riƙe ruwa.

Wadi Rum, hamadar da ke kudancin Jodan, ku bari sai faɗuwar rana. Iska na kwaso yashi, ku riƙa mayar da kyamara jaka, kuma ku nemi izinin mutanen wurin kafin ku ɗauke su.