Shodiyar ta tsaya da asubar hunturu: abin da za ka duba kafin ka kira mai gyara

Sana'ata gyaran shodiyar ce a Yamai, manyan tukwanen nan da ke ba otel da asibiti da gidan wanki ruwan zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu wayata ba ta hutawa, domin sanyi ya sauko, kowane ɗaki na son ruwan ɗumi da asuba, na'urar da ta yi watanni tana aiki sama-sama sai a jibga mata kaya lokaci guda. Da kai nake magana, ɗan'uwa mai kula da ɗakin shodiyar, tunda kai ake fara tasa daga barci.

Ka shiga ka tarar jar fitila ta kama, bruler, wato na'urar da ke hura wutar, ya yi shiru. Maɓallin sake tayarwa ka danna shi sau ɗaya, in ya ƙi ka ƙara ɗaya, daga nan ka janye hannunka. Kowace dannawa gazuwal ake fesawa cikin ɗakin wuta. In bai kama ba yana nan kwance, kuma ranar da tartsatsi ya same shi, ƙofar tukunyar ma tana iya tashi. Shodiyar ba ta kashe kanta banza, akwai abin da ta gani.

Fara da agogon matsin ruwa. A ƙaramin gini, idan ruwa ya huce, allura ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5. In ta sauka ƙasa, na'urar tsaro za ta hana wuta kamawa. Bari tukunyar ta huce tukuna, kada ka zuba ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi, sannan ka buɗe robinen cikawa a hankali. Idan gobe ka dawo ka ga allurar ta sake faɗuwa, akwai yoyo, ka bi tiyo da tocila har ka same shi. In kuwa allura takan haura kusa da bar 3 da zarar ruwa ya yi zafi, supap, wato bakin tsaro mai sakin ruwa in matsi ya yi yawa, ta riƙa ɗiga, to jan tulun nan mai karɓar kumburin ruwa za ka duba. Yana da bakin iska irin na tayar mota. Danna tsinken: iska ta fito, roba lafiya, wataƙila ƙarin iska kawai yake so, ruwa ya fito, robar ciki ta yage, sai canji. Don Allah kada ka bari wani ya toshe supap saboda ɗigar ta dame shi. Na ga inda aka ɗaura mata murfi aka ce an gyara, gabana ya faɗi.

Sai kuran, wato wutar lantarki. In an ɗauke wuta aka koma kan gurup, duba disjonkter da fiyus. Akwai wani abu da mutane ke mantawa: pompi mai layi uku, idan aka sauya jerin wayoyi biyu wajen haɗa gurup, baya zai riƙa juyawa. Kana jin ƙararsa, kana zaton yana aiki, amma ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, tukunya ta yi zafi fiye da kima, termostan tsaro ya yanke. Kibiya na jikin pompin, dubi inda ta nuna. A tankin da ke aiki da lantarki kuwa, kashe wuta ka auna rezistans, wato ƙarfen da ke dumama ruwan: mai wat 3000 a kan volt 230 ya kamata ta ba ka kusan om 17 zuwa 18. In mita ta ƙi motsi, rezistans ɗin ta ƙone.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarmu a nan. Bruler na gazuwal yana da ɗan ido da ke kallon harshen wuta. Ƙura ko baƙin hayaƙi ya rufe shi, wuta za ta kama na ƴan daƙiƙu sai ta mutu, domin idon ya gaya wa na'ura babu wuta. Zare shi, goge da tsumma mai laushi, mayar. Rabin kiran da ake min da asuba a nan yake ƙarewa. Ka kuma hure fankar iska, ka duba filtar mai, musamman in bayan damina ba a zubar da ruwan da ya kwanta a gindin tankin gazuwal ba. Baƙin hayaƙi daga bututu alama ce iska ta yi kaɗan ko jikler, wato ɗan bakin da ke fesa mai, ya gaji.

Masu shodiyar ta gaz, ku saurara da kyau. Harshen wutarku shuɗi ne. In ya koma rawaya yana lilo, ƙuna ba ta cika ba, kuma irin wannan wutar ce ke fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum yana zaune. Kashe, buɗe ƙofa da taga. Sau da yawa dalilin shi ne na'ura ce ta hannu da aka kawo daga Turai, an saita ta da gaz ɗin bututun gari mai milibar 20, mu kuma butan na kwalba muke ƙonawa, mai milibar 28 zuwa 30, wanda ke son jikler mai ƙaramin rami. Wannan aikin mai gyara ne, ba na gwaji ba. Idan kuma kwalba ta yi raɓa ko ƙanƙara a jiki wuta ta yi rauni, ana jan gaz fiye da ƙarfinta, a haɗa kwalabe da yawa a layi ɗaya.

Ga wata matsala mai zuwa sannu: tukunya na kuka tana ƙwanƙwasa, mai na ƙarewa da wuri, ruwa bai kai zafin da ba. Kalker ne, wato farar ƙasar da ke cikin ruwa, ya kama bangon ciki kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo, zafi ba ya ratsa shi. Ruwan pompin Yamai daga kogin Isa yake, da sauƙi. Gidajen da ke shan ruwan foraj, musamman wajen Tawa, sun fi fama. Ƙasar Adar ai dutsen farar ƙasa ce, shi ya sa masana'antar siminti take Malbaza. Magani shi ne wanke ciki da ruwan asid na musamman, da sa na'urar tausasa ruwa wadda ake zuba wa gishiri. In za ka buɗe tanki, ka duba sandar magneziyom, in ta cinye ka sa sabuwa, ita ke hana tsatsa huda tankin.

Wasu masu otel kan ce a sauke termosta zuwa digiri 45 don a rage mai da kalker. Ba na yarda. A irin wannan ɗumin ƙwayar cutar lejiyonela ke yaɗuwa, baƙo ya shaƙe ta a tururin wanka ta kama masa huhu. Tanki ya tsaya a digiri 60, a sa robine mai gauraya a hanyar fita don kada ruwan ya ƙona yaro ko majinyaci.

In ka duba duk wannan ta ƙi, kira ni, amma ka riƙe min abu uku: inda allura ta tsaya, lambar da ta fito a allo, da abin da ka ji kafin ta mutu. Da su zan san abin da zan biya in saya a Katako kafin in iso.