Tanadin kuɗin jana'iza tun da rai, ba tare da an taɓa kuɗin jinya ba

Jana'izar Musulmi a Zamfara ba ta da tsada. Abin da ke karya gida shi ne jinyar da ke gabanta, watanni na magani da gwaje-gwaje da zirga-zirgar asibiti. Don haka duk wanda zai ware wa dattijo kuɗin sutura, ya ware daidai buƙata, sauran ya bar wa mai rai ya yi magani.

Fara da kaya kafin kuɗi. Naira tana zubewa, yadi kuwa yana nan yadda aka ajiye shi. A mazhabar Malikiyya ana son likkafani ya zama mara, uku ko biyar ko bakwai, an fi so namiji biyar, mace bakwai. Ga yadda ake lissafi: kowane mayafi tsawon mutum ne a ƙara taƙi uku, domin a samu na ɗaurewa ta kai da ƙafa. Ga matsakaicin mutum, wajen yadi biyu da rabi ke nan, mayafi biyu na namiji su kama yadi biyar, huɗu na mace yadi goma, sai a ƙara na riga da gyauto da rawani ko ɗankwali. A sayi farin alawayyo mai faɗi, kada a yanka, mai wanka shi zai yanka ranar. A naɗe a leda, a sa kafur a ciki, a ajiye a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa. Damina da gara su ne abokan gabansa, shi ya sa ake buɗewa a shanya sau ɗaya a shekara. Sabulu, turare, auduga da ganyen magarya ba sa buƙatar tanadi, ana samunsu nan take. Makara tana masallaci.

Kuɗin hannu na abu uku ne: alherin masu haƙa kabari, itace ko tukwanen rufewa, da mota. Motar ita ce ke ba mutane mamaki. Mutumin Anka ko Shinkafi da ya cika a asibitin tarayya (FMC) na Gusau, ko wanda aka tura asibitin koyarwa na Sakkwato, kuɗin maido shi gida yakan fi na likkafani da kabari a haɗe. Ka tambayi direbobin tasha farashin shatar mota daga asibitin da ake yawan kai shi, ka ajiye wannan da ɗan ƙari, kana sake tambaya duk shekara. Iyali kuma su yanke tun yanzu ko sun yarda a rufe shi a garin da ya cika idan hanya ba lafiya. Wannan magana ta fi sauƙi yana raye.

Inda ake yawan kuskure shi ne wurin ajiya. Asusun banki da sunan dattijon kaɗai ba ya amfani ranar, domin da zarar banki ya san mai asusu ya rasu, kuɗin ba sa fita sai da takardun kotu, jana'iza kuwa a cikin sa'o'i ake yi. Cire kuɗi da katinsa bayan ya cika ma ba mafita ba ce, dukiyar ta riga ta zama gado. Ƙarƙashin katifa kuma, wanda ya ga canjin kuɗi na farkon 2023 ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ya fi shi ne a damƙa wa amintacce guda, ɗa ko ƙane da ke zaune a garin, a rubuta takarda: ga adadi, ga abin da za a yi da shi, abin da ya rage a mayar cikin gado. Shaidu biyu su sa hannu, limamin unguwa ya riƙe kwafi. A rubuta a fili cewa an yi masa wasicin aikin, saboda wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta.

Kuɗin nan har yanzu na dattijon ne. Ana haɗa su da sauran dukiyarsa wajen lissafin zakka, idan jimilla ta kai nisabi ta shekara a fitar da ɗaya cikin arba'in. Idan jinya ta yi tsanani yana da ikon ya ce a ɗauko a sayi magani, kuma hakan shi ne daidai. Bayan rasuwa tsari sananne ne: sutura, bashi, wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Shinkafar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba ta cikin sutura. Baligan magada na iya yi daga rabonsu, amma ba a taɓa na marayu. Game da mace, malaman Malikiyya sun saɓa kan ko likkafaninta daga dukiyarta ne ko ta miji, to ita ma a yi mata nata tanadin.

Sai batun neman taimako. Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, da rajistar masu ƙaramin ƙarfi, da guraben lafiya na marasa galihu da ke bi ta ZAMCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, duk ƙarfin gida suke dubawa. Yadin likkafani da kuɗin mota ba sa mayar da mutum mawadaci, babu dalilin ɓoye su. Abin da ke jawo rigima shi ne a raba wa 'ya'ya gona da shanu don dattijo ya fito a matsayin mabuƙaci. Mai unguwa ya san gonar kowa. Ban da haka, kyautar da ba a karɓa a hannu ba kafin mai ita ya rasu tana komawa gado, wadda aka yi a cutar ajali kuma hukuncin wasiyya take bi. Dabarar takan ƙare a kotun shari'a, 'yan'uwa ba sa ga maciji.

Masu dangi a Ingila su sani can lissafin na doka ne. Kafin ƙaramar hukuma ta biya wa mutum kuɗin kulawa sai ta auna dukiyarsa. Wanda ya haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, abin da bai kai fam 14,250 ba kuma ba a lissafa shi, tsakanin biyun ana ɗora masa fam ɗaya a mako kan kowane fam 250. Kuɗin da aka riga aka biya kamfanin jana'iza galibi ba ya shiga lissafin, amma idan an biya mai yawa daf da neman taimako, hukumar na iya cewa da gangan aka rage dukiya, ta lissafa kamar kuɗin na nan. Tun watan Yulin 2022 kamfanonin da ke karɓar kuɗin jana'iza tun da rai suna ƙarƙashin FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, a duba sunan kamfani a rajistarta kafin a biya. A karanta yarjejeniya a ga ko ta haɗa da filin kabari, wanka da rufewa cikin gaggawa, domin sau da yawa kuɗin fili daban ne, haka ma na kawo gawa Najeriya.