Yadda ake lissafa lokacin lilon fendulum idan kusurwa ta yi girma

Duk ɗalibin fiziks da ya shigo jami'a ko foliteknik a Kaduna ya taho da dabarar T₀ = 2π√(L/g) a kansa (T₀ lokacin da fendulum, wato ƙwallon da ke lilo a kan zare, yake ɗauka ya je ya dawo, L tsawon zaren, g kuma saurin da nauyin ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗuwa), amma kaɗan ne suka san cewa an same ta ne da ɗauka cewa sin θ daidai yake da θ, wato kusurwar da zaren ya karkata daga tsaye. A digiri 10 kuskuren bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, a digiri 90 kuwa lokacin gaskiya ya zarce na dabarar da kashi 18.

Ka fara daga makamashi, ka bar ƙoƙarin warware lissafin Newton kai tsaye, domin ba zai warwaru da sin da cos ba. Idan an saki ƙwallon daga kusurwar θ₀, za ka samu (dθ/dt)² = (2g/L)(cos θ − cos θ₀). Sai ka mayar da cos θ zuwa 1 − 2sin²(θ/2), ka sanya k = sin(θ₀/2), kuma sin(θ/2) = k sin φ. Daga nan T = 4√(L/g) K(k) za ta fito, inda K take cikakken intigiral na eliftik na nau'i na farko, wanda Legendre ya tsara jadawalinsa.

Wurin da ɗalibai suke faɗuwa shi ne lokacin sanya lamba a kwamfuta. Littattafai da yawa suna rubuta K(k), amma umarnin da ke lissafa ta a manhajojin lissafi, ellipk ta SciPy da ellipke ta MATLAB, suna karɓar m ne, wato k². A digiri 90, k tana 0.7071, m kuma 0.5, kuma amsar K da ta dace 1.8541 ce. Wanda ya sanya 0.7071 zai ga kusan 2.09, kuma tun da lambar ba ta yi kama da shirme ba, sai ya wuce da ita. Kada ka karɓi amsa sai ka gwada wannan kusurwar tukuna.

In babu wuta ko kwamfuta, kalkuleta ta isa, da hanyar Gauss. Ka ɗauki 1 da cos(θ₀/2), ka fitar da rabin jimillarsu, (a + b)/2, da tushen ninkinsu, √(a × b), ka maimaita a kan sababbin lambobin biyu. Zagaye biyu kacal suna ba da 0.8472 a digiri 90, sai ka raba T₀ da ita. Ga zare mai tsawon mita 1, da g a 9.78, sakan 2.01 ya koma 2.37.

Matsayin ƙwallon a kowane lokaci t kuwa, sn ta Jacobi, wato takwarar sin a lissafin eliftik, ce take bayarwa: sin(θ/2) = k sn(K − t√(g/L)), nan ma m kwamfuta take nema.