Tankin Ƙasa a Ƙaramin Kabad: Kurakuran da Masu Kiwon Kifin Teku Suka Fi Yi

Wanda ya shigo falo ya tarar da akwatin gilashi, kifayen teku masu launi suna kai-komo tsakanin duwatsu da murjani, idonsa a sama yake tsayawa. Mai akwatin kuwa ya san rabin aikin yana cikin kabad ɗin da ke ƙasa. A nan ake ajiye tanki na biyu, wanda masu harkar ke kira samp, mu kira shi tankin ƙasa. Ruwa yana gangarowa daga sama ta bututu ya zuba cikinsa, ya bi ta matata, ya wuce sikima, wato na'urar da ke haɗa kumfa ta kwashe dauɗa, ya wuce hita, sannan injin turawa ya mayar da shi sama. Da shi ake ɓoye kayan aiki daga ido, da shi kuma ake ƙara yawan ruwan da ke zagayawa, don zafi da gishiri su rage hawa da sauka.

Kabad ɗin dai yawanci ƙarami ne, shi ya sa tambayar farko da mutane ke yi ita ce wane mazubi ne zai fi cin ruwa a wurin. Daga wannan tambayar ɓarna take farawa. Abin da ya kamata ka fara aunawa shi ne filin da za ka bari: filin da ruwa zai hau idan an ɗauke wuta, filin da hannunka zai shiga, da ƙofar da mazubin zai bi.

Mu fara da ƙofar, tunda ita ce mai sauƙi. Mutum zai zura tef cikin kabad ya ga faɗi santimita 85, ya je ya sa a haɗa masa tanki mai santimita 80, sai an kawo ya tuna akwai ginshiƙi a tsakiyar ƙofa, kowane ɓangare bai wuce santimita 38 ba. Gilashi ba ya lanƙwasuwa. Wasu a nan sai su ɗauko zarto su yanke ginshiƙin, alhali akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45 yana cin ruwa kusan lita 180, idan an haɗa da gilashi da duwatsu da yashi nauyinsa ya haura kilo 200. Ba a taɓa abin da ke ɗauke da irin wannan kaya sai kafinta ya ƙarfafa wurin tukuna. Maganin kuwa kwali ne. Ka yanka kwali ka haɗa shi daidai girman tankin da kake so, ka gwada shigar da shi da fitar da shi ba tare da ka matse shi ba. In kabad ɗin sabo ne za a yi, ka sa kafinta ya yi gefe ɗaya mai cirewa, ko a zura tankin ƙasa tun kafin a ɗora na sama. Ka kuma lura da ma'auni idan kana duba kayan waje: galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5. Dogon tankin nan mai galan 20 da Amurkawa ke yawan mayarwa tankin ƙasa, tsawonsa santimita 76 ne, faɗi 30, tsayi 30.

Ruwan da ke dawowa idan an ɗauke wuta

A nan zan daɗe, domin wannan kuskuren ne yake jiƙa kafet, ya kumbura katako, wani lokaci ya kai ruwan gishiri bakin soket. A ƙasashen da wuta ba ta cika yankewa ba, mutum zai iya shekara da wannan kuskure bai sani ba. A Kano ko Kaduna ko Maraɗi, a makon farko zai gane, ko da yana da janareta, saboda 'yan mintocin da ake ɗauka kafin a tayar da shi sun isa.

Da zarar injin turawa ya tsaya, ruwan sama ba ya tsayawa nan take. Zai ci gaba da gangarowa har sai ya sauka ƙasa da bakin magudana, wato mafitar da ke kai ruwan sama zuwa tankin ƙasa. Bututun da ke kai ruwa sama shi ma juyawa yake yi ya koma zuƙo ruwa ƙasa, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo, kuma ba zai daina ba sai iska ta shiga bakinsa. Duk wannan ruwa a tankin ƙasa zai taru.

Lissafin ba wuya. A ce akwatin nan mai 90 da 45 ruwansa ya sauka da santimita 3. Ka ninka 90 sau 45 sau 3, ka raba da 1,000, za ka samu lita 12. Ka ƙara abin da ke cikin bututu da cikin sikima, a ce lita 3, ya zama 15. Idan tankin ƙasa tsawonsa 60 ne, faɗi 30, tsayi 35, kowace santimita ɗaya tana cin lita 1.8. Lita 15 ke nan za ta ɗaga ruwa da santimita 8 da 'yan kai. Ka ƙara 3 ko 4 don kwanciyar hankali, sai ka ga dole a bar santimita 12 babu ruwa. Tankin da aka sayar maka a matsayin mai lita 63, ruwan da zai riƙe yana aiki bai wuce lita 41 ba. Wanda ya cika shi har kusa da baki don yana ganin fili asara ne, ya riga ya shirya wa kansa ambaliya.

Abin ya fi muni idan bakin bututun turawa ya nutse sosai. In yana santimita 8 ƙarƙashin ruwa, lita 32 ce za ta sauko, wadda za ta ɗaga ruwan tankin ƙasa da santimita 18. Babu ƙaramin mazubin da zai ɗauki wannan. Ka ɗaga bakin ya dawo santimita ɗaya ko biyu ƙarƙashin ruwa. Ka huda ƙaramin rami mai milimita 3 a jikin bututun, dab da saman ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙar. Ni nakan huda biyu, saboda gansakuka da busasshen gishiri suna toshe su, wani lokaci ma ƙaramin dodon koɗi ne zai zauna a kai. Duk mako a bi su da tsinken sakace. Akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, ana sa shi, amma kada ka ɗora lissafinka a kansa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma ɗigon da ba ka gani a minti biyar, a cikin dare guda ya cika tanki.

Bayan lissafi sai gwaji. Ka kashe komai daga soket, ka zauna gaban kabad minti goma sha biyar har ruwa ya daina motsi. In ya tsaya da sauran santimita 3 zuwa 5 kafin baki, ka kunna, ka jira ya daidaita, ka ja layi da maka a jikin gilashi daidai inda ruwan ya tsaya. Kada ka ƙara ruwa ya wuce wannan layin har abada, ka kuma nuna wa duk wanda zai kula maka da kifi in ka yi tafiya. Sannan ka lura da dawowar wuta. Magudanar da ake ratayawa a bayan akwati, mai lanƙwasasshen bututu, takan sha iska ta ƙi ci gaba da aiki, injin kuwa yana ta turo ruwa, sai ambaliyar ta fito ta sama. Wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, akwatin da aka huda wa magudana a jikin gilashinsa ya fi masa.

Tsayi

Idan ƙasan kabad ya yi kaɗan, hankali yakan koma ga dogon mazubi mai tsayi. A ce cikin kabad santimita 70 ne, aka saka tanki mai 55. Santimita 15 da ta rage, bututan da ke saukowa daga gindin akwati sun cinye rabinta. Ta ina za a ciro kofin sikima, wanda ake zubar da dauɗarsa kowane kwana biyu zuwa uku? Ta ina za a ciro injin a wanke? Abin da ke da wahalar wankewa ba a wanke shi, wannan halin ɗan Adam ne, kuma kifi ne ke biyan kuɗin. Tanki mai tsayin 30 zuwa 35 ya wadatar a yawancin ƙananan kabad. Yawancin sikima ma a ruwa mai zurfin santimita 15 zuwa 23 suke aiki, don haka ƙarin zurfi ba ya ƙara musu komai, sai dai a nemo abin da za a ɗora su a kai. Ka zaɓi sikima tukuna, ka san faɗin gindinta da tsayinta, ka ƙara santimita 8 zuwa 10 na ɗaga kofi, sannan ka nemi mazubin da zai karɓe ta.

Sai abin da aka yi mazubin da shi. Akwatin roba na ajiye kaya yana da arha, kuma ana samun kowane girma a kasuwa, amma ba don riƙe ruwa aka yi shi ba. Da an cika shi cikinsa yake buɗewa, bayan watanni ya tsage a kusurwa. Silikon kuma ba ya kama irin wannan robar, don haka duk shamakin da ka liƙa don raba cikinsa ɗaki-ɗaki zai saki. In dole sai roba, ka nemi mai kauri wadda ake zuba abinci ko ruwan sha, mai lamba 2 ko 5 a cikin alwatikan da ke gindinta, kuma sabuwa. Bahon da aka taɓa jiƙa wanki a ciki, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi, wanki ba ya fitar da su yadda murjani zai yarda. Ƙarfe kuwa a bar shi gaba ɗaya. Ruwan gishiri yana cin sa, jan ƙarfe kuma ko kaɗan ne ya narke yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Mahaɗin bututu na tagulla da masu aikin famfo ke sawa ya shiga wannan hukunci.

A ƙaramin kabad, ni gilashin da aka yanka daidai wurin na fi so. Mai kaurin milimita 6 ya isa ga tanki mai tsayin 30 zuwa 35. Sharaɗin shi ne silikon ya zama zalla, irin na akwatin kifi. Wanda ake sawa a banɗaki da kicin galibi an gauraya shi da maganin hana funfuna, wannan guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe kwanaki, mako guda ya fi, sannan a cika da ruwan famfo a tsakar gida ya kwana biyu a ga ko yana yoyo. In tsohon akwati za ka huda, ka tabbatar ba gasasshen gilashi ba ne, wato wanda aka ƙara wa ƙarfi da zafi, domin shi da an sa masa abin huji rugurgujewa yake.

Akwai kuma masu kwaikwayon manyan tankuna, su raba santimita 60 gida huɗu ko biyar, har yatsa ba ya shiga tsakanin shamaki da shamaki. Ɗaki biyu ko uku sun isa: inda ruwa ke sauka tare da sikima, da inda injin yake. Ka bar aƙalla santimita 3 tsakanin gilasan da ke tare kumfa. Kada kuma ka sayi injin da ya fi ƙarfin wurin. Ruwan da ke ratsa tankin ƙasa a awa ya zama ninki 3 zuwa 5 na ruwan akwati, wato lita 540 zuwa 900 ga mai lita 180. Fiye da haka a ƙaramin mazubi, ƙara ce da ƙananan kumfa masu dusashe ruwan sama.

Ɗakin injin shi ne wanda aka fi zalunta wajen rabo, alhali duk ruwan da ya ƙafe a nan kaɗai yake nunawa. Ɗaki mai 15 da 30, kowace santimita ba ta kai rabin lita ba. A ce lita 3 ta tafi a yini, ruwan ya sauka da kusan santimita 7. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da leɓe da shanya cikin ɗan lokaci, ƙafewar takan ƙaru sosai, haka ma da bazara idan an sa fanka tana hura ruwan don rage zafi. Kwana biyu injin ya fara shan iska, daga nan sai ƙonewa. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan, don haka ma'aunin gishirin ruwan da ya kamata ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 sai ya yi ta hawa. Ba a kuma so ɗakin ya yi girman da in magudana ta toshe, ruwansa zai fi ƙarfin filin da ya rage a akwatin sama. Mafita ita ce na'urar ƙara ruwa da kanta, tare da jarkar tataccen ruwa marar gishiri. Jarkar nan mai lita 10 tana bukatar wuri, kuma tun ranar awo ake ware mata shi.

Wannan ya kawo mu ga masu cike kabad daga bango zuwa bango. Ka bar kashi ɗaya cikin huɗu a bushe, na jarka da kayan wuta. Soket ya kasance a sama, can gefe, ba bisa ruwa ba, kowace waya kuma ta sauko ƙasa da soket ta lanƙwaso kafin ta shiga, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. A sa na'urar da ke katse wuta idan wutar ta taɓa ruwa. Bayan kabad ya zama a buɗe ko a huda shi, saboda injina suna fitar da zafi, ruwan murjani kuma tsakanin digiri 24 zuwa 26 ake son sa. Laimar da ta rasa hanyar fita ita ke sa hinjin ƙofa tsatsa, ta kumbura katakon nan na matsattsen gari. A shafe cikin da fenti mai hana ruwa, a shimfiɗa siririn soso ƙarƙashin tankin da ba shi da firam.

In ka gama awo ka ga abin da zai shiga bai wuce bokiti ba, kada ka tilasta. Wasu sukan haɗa ƙananan mazubai biyu da bututu, yana yiwuwa, amma bututun ya zama mai faɗi, biyu ma sun fi ɗaya, domin in ya toshe mazubin farko ne zai malala. Ana iya ajiye tankin a wani kabad na gefe, ko bayan bango idan ɗakin ya ba da dama. Akwai kuma akwatunan da aka yi wa ɗakin tace ruwa a bayansu, da sikima mai ratayawa. Ga akwatin da bai kai lita 100 ba, wannan tare da canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako yana riƙe kifi da murjani masu sauƙin kiwo lafiya lau.