Na'urori biyu a tebur ɗaya sun ƙi ganin juna: kurakuran tashar Wi-Fi da gyaransu

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini laftof da firinta, ransa a ɓace. Tun safe yake fama, laftof ɗin ya ƙi ganin Wi-Fi Direct na firintar, wato haɗin na'ura da na'ura kai tsaye ba sai ta rauta ba, alhali wayar ɗansa tana ganinta sarai. Har ya riga ya yanke cewa katin Wi-Fi ne ya ƙone, kuɗin sabo kawai yake tambaya. Babu abin da ya ƙone. Rautar ofishinsu, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, tana kan tasha (channel) ta 13, firintar da ke haɗe da ita ta bi ta can, shi kuwa laftof ɗin na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, kuma katinsa a tasha ta 11 yake tsayawa. Muka mayar da rautar tasha ta 6, magana ta ƙare.

Irin wannan matsalar tana cinye wa mutane kuɗi a banza, shi ya sa take damuna. Akan sayi sabon kati, a yi wa waya filashin, a zargi mai gyara, alhali abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: wace ƙasa kowace na'ura take zaton tana ciki, kuma a wace tasha aka yarje mata ta fara magana?

Kalmar "fara" ɗin nan ita ce ƙashin bayan zancen. Idan wayarka za ta hau rauta, aikinta sauraro ne. Rautar tana yin shela kusan sau 10 a kowace daƙiƙa, tana faɗin sunanta da tasharta, wani lokaci har da ƙasar da aka saita mata, wayar kuma ta amsa. Amma idan babu rauta a tsakani, kamar lokacin tura fim ta Xender ko Quick Share, ko haska allon waya a talabijin ta Miracast, dole ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta zama jagora, ta buɗe tasha da kanta, ta fara shelar. To dokar kowace ƙasa ta fi tsanani a kan mai fara watsawa fiye da mai amsawa. Saboda haka sai ka ga waya tana hawa rautar 5 GHz lafiya lau, amma ta kasa buɗe hosfot a kan wannan tashar ɗaya. Mutum ya ɗauka lalacewa ce, ita kuwa doka take bi.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne ɗauka cewa tashoshin duniya iri ɗaya ne. A zangon 2.4 GHz, tasha ta 1 tana kan 2412 MHz, kowace mai bi mata tana ƙara 5, har zuwa ta 13 a kan 2472. Turai da mafi yawan Afirka suna amfani da 1 zuwa 13. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada galibi a 11 suke tsayawa. Japan ce kaɗai take da ta 14, ita ma don tsohon tsarin 802.11b. A zangon 5 GHz bambancin ya fi haka yawa: tashoshi 149 zuwa 165 a buɗe suke a Amurka da Sin, a Japan kuwa ba a ba Wi-Fi su ba, sannan Sin ba ta buɗe 100 zuwa 140 ba. Yanzu ka tuna yadda kaya suke zuwa mana. A shago ɗaya a Farm Centre ta Kano za ka tarar da 'yar Landan, da ta Dubai, da wadda aka yi wa kasuwar Sin, duk a jere. Kowacce ta zo da tarbiyyar gidansu. Gyaran mai sauƙi ne: idan na'urori biyu sun ƙi ganin juna, sauko da su zangon 2.4, ka tsayar da tasha a 1 ko 6 ko 11. Babu ƙasar da ta rufe waɗannan ukun. In sun haɗu a nan, ka tabbata kayanka lafiyarsu ƙalau, saura neman tashar 5 GHz da dukansu suka yarda da ita.

Sai kuma na'urar da ba ta ma san inda take ba. Hausawa suna cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma haka kwamfutar Linux take idan ba a gaya mata ƙasa ba. Rubuta umarnin iw reg get a tagar umarni (terminal). In ka ga country 00, to tana kan tsarin taka-tsantsan na duniya: 1 zuwa 11 ne kawai a buɗe sosai, 12 da 13 da duk tashoshin 5 GHz kuwa sauraro kawai aka yarje mata. In ka rubuta iw list za ka ga an saka no IR a gaban waɗannan tashoshin, ma'ana ba ta da izinin fara watsawa a kansu. Babu hosfot, babu jagorancin Wi-Fi Direct, babu haɗin ad-hoc, wato na kwamfuta da kwamfuta ba rauta. Mutane suna kwana suna juya saitin hostapd, manhajar buɗe hosfot a Linux, alhali amsar tana cikin waɗannan haruffa huɗu.

Ana gyarawa da iw reg set, a bi shi da lambar ƙasa. A nan ma akwai rami, kuma na ga mutane da dama sun faɗa. Najeriya NG ce, Nijar NE. Wanda ya rubuta NI, yana zaton farkon sunan ƙasarsa ne, ya mayar da kwamfutarsa Nikaraguwa. Ghana GH, Kamaru CM, Chadi TD, Sudan SD. Bayan ka saita, sake rubuta iw reg get ka karanta jerin mitocin da ya fito. Duk zangon da ba ya cikin jerin a rufe yake, ko da kuwa ka ga wani a YouTube yana aiki da tasha ta 36 daga ƙasarsa. Kuma umarnin iw reg set ba ya tsallake kashe kwamfuta. Don ya zauna, sai a saka country=NG a fayil ɗin wpa_supplicant, manhajar da ke haɗa Linux da Wi-Fi, ko country_code=NG a na hostapd. Masu ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi su shiga raspi-config su zaɓi ƙasa, domin sababbin samfuransa suna barin Wi-Fi a toshe har sai an yi hakan.

Wani lokaci za ka saita komai daidai amma babu abin da ya canja. Duba ko kunshin wireless-regdb yana kan kwamfutar, domin daga Linux 4.15 zuwa sama daga fayil ɗin regulatory.db ake karanta dokokin ƙasashe, in babu shi sai a koma 00. Sannan katunan Intel da yawa suna nuna self-managed, wato su suke yanke wa kansu ƙasa daga shelar rautocin da ke kewaye, ba sa jin umarninka. A irin wannan hali kada ka ɓata dare. Ko dai ka zauna a 2.4, ko ka nemi ƙaramin katin USB na wani kamfani don aikin hosfot.

Wayoyin Android kuwa yawanci daga layin waya suke gane ƙasa. Kowace ƙasa tana da lambarta a tsarin sadarwa, Najeriya 621, Nijar 614. Tsohuwar wayar da aka cire wa sim aka ajiye don kallon fim, ko tablet ɗin yara da bai taɓa ganin sim ba, suna iya ɓoye zaɓin hosfot na 5 GHz gaba ɗaya. Saka sim, bari ta kama sabis, sake gwadawa. Mutanen bakin iyaka, irin su Illela da Birnin Konni, ko Jibiya da hanyar Maraɗi, su lura cewa waya tana iya kama sabis ɗin maƙwabta ta ɗauki dokarsu ba tare da ta faɗa ba.

Akwai kuskuren rashin haƙuri, wanda ya shafi tashoshi 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140. Waɗannan mitocin Wi-Fi aro take yi, masu su na asali na'urorin rada ne na hasashen yanayi da filayen jirgin sama da sojoji. Ƙa'idar da ake kira DFS, wadda ta shigo da tsarin 802.11h a 2003, ta wajabta wa duk mai buɗe irin wannan tasha ya yi shiru na daƙiƙa 60 yana sauraro kafin ya ce uffan. A ƙa'idar Turai, tashoshi 120 da 124 da 128 minti 10 ake jira, saboda nan ne radar yanayi take. In aka ji motsin rada ana cikin aiki, dole a bar tashar cikin daƙiƙa 10, kuma ba a dawowa sai bayan minti 30. Sai mutum ya kunna na'ura, ya jira rabin minti bai ga komai ba, ya kashe ya sake kunnawa, lissafin ya koma farko. Yana iya yin haka sau goma. Wani kuma fayil ɗinsa ya yanke a tsakiya ya zargi manhaja. Yawancin wayoyi ma ba su da kayan gano rada, don haka ba za su taɓa jagorantar haɗi a waɗannan tashoshin ba. Shawarata ga haɗin na'ura da na'ura ita ce a kauce musu baki ɗaya, a nemi 36 zuwa 48 ko 149 zuwa 161, gwargwadon wanda ƙasarka ta buɗe.

Daga nan ne wata matsalar take ɓullowa, mai rikita har masu gyara. Katin Wi-Fi da yawa rediyo ɗaya gare shi, ba ya iya zama a tasha biyu lokaci guda. A iw list, ƙarƙashin valid interface combinations, in ka ga #channels <= 1, to haka naka yake. Idan laftof yana haɗe da rautar gida a tasha ta 100, ka ce ya haska allo a talabijin, dole haɗin ya bi shi tasha ta 100, inda ba shi da izinin jagoranci, ko kuma talabijin ɗin ba ta san tashar ba. Alamarsa ita ce abin yana aiki idan ka sauka daga Wi-Fi ɗin gida, ya ƙi idan ka hau. Canja tashar rautar, kada ka taɓa talabijin.

Kada kuma a kashe zangon 2.4 a saitin kati da sunan neman gudu. Tun da Wi-Fi Alliance ta fito da Wi-Fi Direct a 2010, a tashoshi 1 da 6 da 11 na'urori suke neman juna su gaisa, ko da daga baya za su koma 5 GHz su yi aikin. Wanda ya rufe 2.4 ya rufe zauren sallama.

Zaɓen tasha ta 3 ko ta 9 don "babu kowa a kai" shi ma kuskure ne. Faɗin kowace tasha kusan 20 MHz ne, tazararsu kuwa 5, don haka mai zama a 3 yana taka ƙafar na 1 da na 6 a lokaci guda. Na'urori biyu a tasha ɗaya suna jin juna, suna ba juna dama. Waɗanda suka ɗan goce kuwa hayaniya kawai suke ji. Haka faɗin 40 MHz a zangon 2.4, a cikin kasuwa ko ɗakin kwanan ɗalibai ba ya ƙara komai sai yankewa. A Windows, netsh wlan show networks mode=bssid zai nuna maka tashar kowane maƙwabci, sai ka zaɓi wadda ta fi sauƙin cunkoso cikin ukun nan.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na masu haɗa gini da gini da eriya, irin na kamfanonin Ubiquiti da MikroTik. Wani zai zaɓi wata ƙasa daban da gangan, ko ya shiga yanayin gwaji da ke buɗe duk mitoci, don ya sami tasha "mai tsafta" ko ƙarin ƙarfi. Tashar tana da tsafta ne saboda an ware wa wani aiki ita. A 2009 hukumomin Amurka sun gano cewa na'urorin 5 GHz suna dagula radar yanayi da ke yi wa filin jirgin saman San Juan na Fato Riko aiki, irin radar da ke gargaɗin matuƙa game da juyawar iska lokacin sauka. Binciken ya nuna matsalar ba a can kaɗai take ba, kuma an ci tarar kamfanonin da aka samu suna aiki ba bisa ƙa'ida ba. Rayukan mutane ne a cikin jirgin. Mitoci dukiyar ƙasa ce, a Najeriya NCC ke kula da su, a Nijar ARCEP, a Ghana NCA, kuma wajensu ake neman ƙa'idar da ke aiki yanzu kafin a ɗora eriya a kan hasumiya.

Ko a wajen ƙarfin ma lissafin da ake yi ba daidai ba ne. Iyakar da doka take sakawa galibi a kan abin da ya fita daga bakin eriya ne, wato ƙarfin rediyo a haɗa da ƙarin da eriyar ke yi, a cire asarar waya. A Turai iyakar zangon 2.4 ita ce 20 dBm, wato miliwat 100. Duk ƙarin 3 dB ninki biyu ne. Rediyo mai 20 dBm da aka ɗaura wa eriyar faranti mai ƙarin 23 dBi yana fitar da 43 dBm, kusan wat 20, ninki 200 na inda aka fara. Shi ya sa waɗannan na'urorin suke da gurbin rubuta ƙarfin eriya: in ka rubuta gaskiya, su da kansu za su rage wuta zuwa iyakar ƙasar da ka zaɓa. Masu rubuta sifili a gurbin suna yaudarar na'urar ne, kuma sau da yawa ba sa cin ribar komai, domin haɗi hanya biyu ce. In wannan gefen yana ihu, wancan kuma muryarsa ba ta isowa, sigina zai nuna cike amma bayanai ba za su wuce ba. A gajeren nisa ma ƙarfin da ya yi yawa toshe kunnen na'urar da ke karɓa yake yi.

Idan haɗin gini da gini ya ƙi tsayawa, ka sa ƙasa ɗaya ta gaskiya a ɓangarorin biyu, faɗin tasha ɗaya, ka fara da 20 MHz. Ka tsayar da tasha a gefen jagora, ka tabbatar tana cikin jerin da ɗaya gefen yake dubawa. Sannan ka hau sama ka daidaita fuskar eriyoyin a hankali, wani yana karanta maka lambar sigina ta waya, ka kuma duba ko bishiyar darbejiyar da ba ta kai tsayin layin ba bara ta kai bana.